Masu Ceto a Duwatsun Ingila

A wannan wata za mu leƙa arewacin Ingila. A shekarar 1946 wani mahayin dutse, Wilfrid Noyce, ya faɗi a dutsen Great Gable, ƙafarsa ta karye. Aka kwana ana fama kafin a sauko da shi. Ganin haka, Kanar Westmorland ya tara 'yan sa kai a Keswick, suka kafa ƙungiyar ceto a 1947. Har wa yau ba a biyansu ko anini. Da gudummawar jama'a suke sayen igiya da motoci. Ko da tsakar dare aka kira, sai su bar iyali su hau. Darasinmu ke nan, 'yan'uwa: ba a fafe gora ranar tafiya.