Shekara Talatin Na Karantarwa, Shekara Huɗu Na Yaƙi

In aka shiga makarantar firamare a ƙasar Gwandu ko ta Kalgo, aka tambayi yaran babban aji ko wane ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, amsar da za a samu ba ta wuce uku: ƙanen Shehu ne, shi ya ci Birnin Kebbi, shi ne Sarkin Gwandu na fari. Duk gaskiya ne. Amma in aka ƙara da cewa, to, me ya karantar, wane littafi ya rubuta, mene ne ya haɗa su da sarakunan Gobir, sai aji ya yi tsit, wani lokaci ma har da malamin da ke tsaye gefen allo. Laifin ba na yaran ba ne. Abin da aka zuba musu shi su ke fitarwa, abin da a kan zuba musu kuwa jerin yaƙe-yaƙe ne da sunayen sarakuna. Mu da aikinmu ya ke horon malamai muna ganin wannan ragi ne babba, ga masu tarihin da kuma yaran da a ke karantar da shi.

Mu ƙidaya shekaru tukuna. An haifi Shehu Usmanu a Maratta cikin 1754, ya tashi a Ɗegel, ya fara wa'azi wajen 1774 yana da shekara ashirin. Bai yi hijira zuwa Gudu ba sai cikin watan Fabrairu na 1804. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi cikin Oktoba na 1808. Watau shekara talatin ana karantarwa, shekara huɗu da 'yan watanni ana yaƙin da ya kafa daula. A aji kuwa sai a juya lissafin, a ba shekara huɗun nan mako uku, shekara talatin a gama da su cikin layi biyu.

Malam Abdullahi ya biyo bayan wansa da kamar shekara goma sha biyu. Ya sauke Alƙur'ani wajen mahaifinsu, sa'an nan yana ɗan shekara goma sha uku aka danƙa shi ga Shehu. Ba sai mun yi kirdado ba game da abin da ya karanta, domin shi da kansa ya rubuta littafi, Ida'un Nusukhi, inda ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya, da abin da ya ɗauka wajen kowanne. A ciki za a ga Ishiriniya da Ahalari da Ishmawi da Risala da Ajurumiya, littattafan da har gobe a ke biyawa a zaurukan garuruwanmu. A ciki kuma za a ga sunan Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda su biyu suka yi karatu wajensa. Mutumin da ya kai inda ya kai, ya zauna yana lissafa waɗanda suka koya masa nahawu, lalle ya san inda darajarsa ta fito.

Jama'ar nan tasu, ga idon mutanen wancan zamani, sabon abu ce, ko da ya ke su ba su taɓa cewa sun zo da sabon addini ba, cewa suka yi sunna su ke rayawa. Abin da ya zama sabo shi ne waɗanda su ke yi wa magana. Malaman fada suna karantar da 'ya'yan manya, su kuwa suka bi ƙauyukan Kabi da Zamfara, suka yi kamar shekara biyar a Zamfara kaɗai, suna koya wa manoma da makiyaya alwala da salla da rabon gado da hukuncin ciniki, da Hausa da Fillanci, yadda kowa zai ji. Mata ma suna zuwa. A kan haka wani malami daga wajen Barno, Mustafa Gwani, ya zo da zargi cikin waƙa, yana cewa ana cakuɗa maza da mata a wurin wa'azi. Shehu ya sa ƙanensa ya ba shi amsa. Abin da amsar ta ƙunsa shi ne ba su yarda da cakuɗa ba, amma barin mata cikin jahilci su rasa sanin abin da ya wajaba a kansu ya fi wannan muni. Shehu kuma, a cikin Nurul Albabi, ya soki malaman da ke tara almajirai a ƙofar gida su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin duhu. Daga wannan tushe 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, jajoji suna ɗaukar karatu daga wajenta suna kai wa matan ƙauye. Duk malamin da ya taɓa tsayawa ƙofar wani magidanci yana roƙon a bar yarinya ta gama aji shida ya kamata ya san wannan labari, don hujjarsa ce, kuma ba daga waje aka kawo ta ba.

Ga ma'aikatan ofis kuwa akwai labarin Magami. Wajen 1788 Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa ranar Babbar Salla, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu ya ƙi karɓar tasa. Maimakonta ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk mai rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, kada kuma a nauyaya wa talakawa haraji. Biyu daga cikin biyar ɗin nan ba su shafi almajiransa ba ko kaɗan, na talakan gari ne. Daga baya, a cikin Kitabul Farƙi, ya kira abubuwan da ya ke ƙi da sunayensu na Hausa, har da jangali da kuɗin gari da gaisuwar da a ke kai wa mai iko. Ba ma so mu tsawaita a nan, amma dattawan da suka yi aiki zamanin En'e sun san jangali bai mutu da faɗuwar Alƙalawa ba, gaisuwa kuwa kowa ya duba teburinsa.

To, sai yaƙi. Nafata ya hana wa'azi ga kowa in ban da Shehu, ya hana rawani da lulluɓi. Yunfa ya hau, aka kai wa mutanen Abdussalami hari a Gimbana, aka yi hijira. A Tafkin Kwatto cikin Yuni na 1804 Malam Abdullahi ne shugaban runduna, aka yi nasara. A Tsuntsuwa, ƙarshen shekarar, aka yi hasarar mutum wajen 2,000, kamar 200 daga cikinsu mahaddata Alƙur'ani ne. Cikin Afrilu na 1805 ya ci Birnin Kebbi, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita, Shehu ya dawo Gwandu da zama. Wannan duk yara sun haddace shi.

Abin da ba su haddace ba shi ne abin da ya biyo baya, shi ne kuwa inda halin mutumin ya fito sarari. Malaman da aka rasa a Tsuntsuwa ba a mayar da irinsu ba. Waɗanda suka cika runduna bayan nasara ba duka ne suka zauna gaban Shehu a Ɗegel ba, da yawa ganima ta kawo su. Kafin yaƙin Alwasa, ƙarshen 1805, rundunar ta faɗa wa wani gari da ke da amana da Jama'a ta washe shi, Malam Abdullahi da Muhammadu Bello suna hanawa ba a ji ba. Aka je Alwasa aka sha kashi, har abokan gaba suka iso Gwandu, wadda a lokacin ko ganuwa ba ta da ita. Abin ya zauna masa a rai. Wajen 1807, ana kan hanyar zuwa yaƙin Alƙalawa, sai ya ware da mutane kaɗan ya nufi gabas, da niyyar ya tafi Makka ya bar ƙasar. A cikin Tazyinul Waraƙati, littafin da ya tara waƙoƙinsa da labarin abin da ya sa ya yi kowace, ya faɗi dalili ba tare da ɓoye-ɓoye ba: abokansa na gaskiya sun ƙare, an bar shi cikin mutanen da himmarsu sarauta ce da tufafi da dawaki da tara ƙwaraƙwarai da cin abin hannun mutane. Ba Gobirawa ya ke nufi ba. Mutanensa ya ke nufi, waɗanda shi ya ja su zuwa nasara.

Bai wuce Kano ba. Mutanen Kano, zamanin Sarki Sulaimanu, suka tsare shi suka ce sai ya koya musu yadda za su riƙe ƙasar da ta faɗo hannunsu. Ya duba ya ga abin da ya gudo wa yana nan tare da su. Sai ya zauna ya karanta musu tafsirin Alƙur'ani, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, inda ya bayyana yadda a ke naɗa shugaba da wakilansa da abin da shari'a ta ɗora wa kowannensu. Sa'an nan ya juyo gida. Mutumin da ya ja rundunar Jama'a zuwa nasara, da ransa ya ɓaci, abin da ya ga zai yi magani shi ne ya buɗe littafi ya tara ɗalibai.

Haka ya ci gaba. Ya yi saɓani da Shehu kansa a kan waɗansu mas'aloli, kamar kaɗe-kaɗe da tufafin ado ga shugabanni da amfani da sunayen sarauta, shi yana tsanantawa, Shehu yana sassautawa, kowa ya rubuta hujjarsa da ladabi. Ya yi gargaɗi kada shugabanci ya koma mulkin gado. Cikin 1812 Shehu ya raba aikin riƙon ƙasa, yamma ga Malam Abdullahi, gabas ga Bello. Da Shehu ya rasu cikin 1817 aka yi wa Bello mubaya'a, Malam Abdullahi ya koma Gwandu, aka ɗan yi shekaru da sanyi tsakanin baffa da ɗa. Sai da mutanen Kalambaina suka tayar, Bello ya kawo gudummawa, sa'an nan suka sadu, dattijon ya yi wa ɗan wansa mubaya'a. Bayan wannan ya saki yawancin harkar mulki ga ɗansa Muhammadu da Buhari ɗan Shehu, ya koma ga allo da tawada har ya rasu wajen 1829. Allah ya jiƙansa. Ya bar Liya'ut Tawili, tafsirin da aka buga a Alƙahira cikin 1961, da wani guntun tafsiri, Kifayatu Lu'afa'is Sudan, wanda ya sauƙaƙa don masu ƙaramin ƙarfi a karatu, da manyan littattafai na nahawu da sarfu. Irin tarin littattafan da ya dasa a garin ne ya sa, da Bature matafiyi Barth ya sauka Gwandu cikin 1853, zamanin Sarki Halilu, a nan ya sami Tarihus Sudan na mutanen Tambutu.

Mun san akwai masu cewa ba daidai ba ne a gaya wa yara labarin Alwasa da na sanyin da ya shiga tsakanin magabata, wai zai rage musu kwarjini. Muna girmama masu wannan ra'ayi, don ƙauna ce ta sa su faɗa. Amma wanda ya fara rubuta waɗannan abubuwa shi ne Malam Abdullahi da hannunsa, ya kuma bar su don a karanta. Ba mu fi shi kishin Jama'a ba.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi ajin kansa. Tun da aka yi Jihar Kebbi cikin 1991, jikokin waɗanda suka ci Birnin Kebbi da jikokin waɗanda aka ci suna zaune kan benci ɗaya. Kabawa ba su manta da Yakubu Nabame ba, wanda ya tayar cikin 1849, ba su kuma manta da cewa gabar nan ba ta kwanta sosai ba sai da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu cikin 1934. In darasi bai wuce wa ya kori wa ba, rabin aji zai fita da girman kai, rabi da ƙullaci. In kuwa aka koyar da abin da aka roƙa a Magami, da abin da aka rubuta a Kano, yaron Argungu da na Gwandu duk suna da rabo a ciki, don talakan da aka nema wa sauƙin haraji ba a tambayi ƙabilarsa ba.

Dalili na ƙarshe ya fi waɗannan nauyi. Ƙasar nan ba ta taɓa rasa masu tasowa da sabon kira ba. An ga Satiru cikin 1906, an ga abin da ya faru a Kano cikin Disamba na 1980, an ga abin da ya fi su muni a gabas. Kusan kowane mai tasowa ya kan jingina kansa da Shehu. Saurayin da bai san kome game da Shehu ba sai tuta da takobi, da me zai auna mai kiran? Wanda kuwa ya san tarihin sosai yana da tambayoyi a hannunsa. Wa ya karantar da kai, shekara nawa? Me ka ke yi da kyautar masu iko? Matan gidanka sun yi karatu? Ran da mabiyanka suka ci amanar wani gari, me ka ce musu?

Saboda haka muna roƙon abu kaɗan, waɗanda ba su bukatar kuɗi mai yawa. Masu shirya jarrabawa su riƙa tambayar abin da aka karantar a Ɗegel kamar yadda su ke tambayar shekarar Tafkin Kwatto, domin abin da jarrabawa ke nema shi malami ke koyarwa. Kwalejojin horon malamai su sa ɗalibansu su karanta ko da littafi ɗaya na Malam Abdullahi kafin a ba su takardar shaida, in Larabci ya yi musu nauyi a nemi malamin zaure ya biya musu da Hausa. Gidajen da ke riƙe da tsofaffin takardu cikin gafaka su yarda a ɗauki hotonsu kafin gara ta riga mu. Shugabannin makarantun Kalgo da kewaye kuwa, Gwandu ba ta fi tafiyar da mota za ta je ta dawo cikin yini guda ba. A kai yaran babban aji hubbaren Malam Abdullahi, a kuma shirya tun da wuri da wani malamin garin ya fito musu da Liya'ut Tawili su gani da idonsu, ya karanta musu shafi ɗaya ya fassara.