Cinikin Kawuna a Kalifoniya

'Yan'uwa ɗalibai, akwai wata magana da na gaji da jinta a ɗakunan kwana da teburan mai shayi, wai kamfanin Apple ya fi sauran ne don Allah ya yi masa baiwar basira. Mai faɗin haka yakan faɗa yana jujjuya wayarsa a hannu, sai ka ce da shi aka ƙera ta. To, mu ajiye kirari, mu dubi yadda cinikin ya kasance.

A watan Afrilu na 2008 Apple ya sayi wani ɗan ƙaramin kamfani a jihar Kalifoniya ta Amurka mai suna P.A. Semi, a kan dala miliyan 278. Kamfanin nan ba shi da masana'anta, ba shi da wata haja da talaka ya taɓa gani a kasuwa. Abin da ya mallaka shi ne ma'aikata wajen 150, galibinsu injiniyoyi, a ƙarƙashin Dan Dobberpuhl, wanda ya yi suna tun yana kamfanin DEC wajen tsara ƙwaƙwalwar kwamfuta. Da na ce ƙwaƙwalwa, ina nufin ɗan guntun nan da bai fi farce ba, wanda ke yin dukan lissafin da ke cikin na'ura. Gwanintar mutanen nan ita ce tsara ƙwaƙwalwa mai sauri wadda ba ta cin wuta, kuma duk wanda batir ya taɓa mutu masa ana tsakar magana ya san darajar wannan. Ku yi lissafin da kanku: kowane kai ya tashi kusan dala miliyan biyu.

Me ya kai Apple ga wannan? Wayar iPhone ta farko, wadda ta fito a 2007, da ƙwaƙwalwar Samsung take aiki, wato kayan wanda shi ma waya yake sayarwa. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Saboda haka Apple ya shiga tara kawuna. A 2010 ya haɗiye wani kamfanin, Intrinsity na jihar Tekzas, a shekarar ce kuma ƙwaƙwalwarsa ta kansa, A4, ta bayyana cikin iPad da iPhone 4. A 2019 ya biya dala biliyan ɗaya ya karɓe sashen Intel mai tsara abin da ke haɗa waya da layin sadarwa, tare da ma'aikata wajen 2,200. Shekara ɗaya bayan haka ya fara sallamar Intel ɗin daga kwamfutocinsa.

Yanzu ina masu wa'azin kasuwa? Tun zamanin shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ake karanta mana karatu guda: kada ka wahalar da kanka wajen ƙera abin da za ka iya saye da araha a wurin wani. An koya mana shi a aji, mun rubuta shi a jarrabawa, wasunmu sun ci maki da shi. Ga shi uban 'yan jari hujja da kansa ya yi fatali da wannan karatu. Ƙwaƙwalwar waya tana nan birjik a kasuwa a 2008, amma Apple ya ƙi dogara da ita, ya zuba kuɗi, ya yi haƙurin shekaru. Har yau ma ba shi ke ƙera ƙwaƙwalwar da hannunsa ba. Shi dai ya tsara, kamfanin TSMC na Taiwan ya buga. Ya bar wa wani ginin da injinan, ya riƙe sanin.

Kada wani ya ɗauka yabo nake yi. Inda giwa ta bi, ciyawa ce ke ba da labari. P.A. Semi yana da masu sayen kayansa kafin cinikin, har da masu yi wa sojan Amurka kayan aiki. Da Apple ya shigo, sai aka daina ciyar da waccan ƙwaƙwalwa gaba, domin ba ita ya zo nema ba. Waɗanda suka gina ayyukansu a kanta suka koma neman mafita.

Abin da ya sami Imagination Technologies na Ingila ya fi wannan muni. Shekara da shekaru fasahar wannan kamfani ce ke zana hotuna a fuskar iPhone, har kusan rabin kuɗin shigarsa daga Apple yake fitowa. Apple ya yi ta ɗauke masa injiniyoyi, ya buɗe ofishi a garin St Albans, kusa da hedkwatarsa. A watan Afrilu na 2017 aka sanar cewa Apple zai daina amfani da fasaharsa. A yini guda darajar hannun jarinsa ta faɗi da fiye da rabi, kafin shekarar ta ƙare an sayar da shi ga wasu masu jari da kuɗin Sin ke bayansu. Wannan fa kamfanin Turawa ne, mai lauyoyi da gwamnati a bayansa. Ina ga wanda ko injiniyan ba shi da shi?

Ku kuma da kuka fara aikin gwamnati, gobe takardar sayen kayan fasaha za ta zo teburinku. Mun saba ganin yadda ake yi: a cika ɗaki da kwamfutoci, a yanka zare, a ɗauki hoto, sannan a kulle ɗakin don babu mai gyara. A cikin takardar za ku ga kuɗin kwali da kuɗin dako da kuɗin biki. Ku duba ko akwai layin albashin wanda ya san abin da ke cikin kwalin. In babu, ku mayar da ita inda ta fito, ku rubuta dalili da jan biro.