Mai Son Koyon Dambe Ya Fara Da Tsayuwa

Idan kaka ta yi aka kau da amfanin gona, kalangu yakan tashi a garuruwan ƙasar Bagudo, tun daga Ka'oje har Illo da Lolo, inda iyakarmu ta haɗu da ta ƙasar Benin. A lokacin nan ne yaro kan ga an naɗe wa ɗan dambe hannu da kara, ya ce shi ma gobe sai fili. To, muna so mu jawo hankalin malaman makaranta da ma'aikatan ƙaramar hukuma kan abin da ya kamata sabon shiga ya tarar ran da ya fara koyo, gama yaran nan amana ne a hannunsu.

Bari mu ɗauko misali daga nesa. A ƙasar Brazil akwai wani wasa da ake kira kapuwera, rabinsa faɗa, rabinsa rawa, wanda bayin da aka kwasa daga Afirka suka ƙago. A 1890 hukuma ta haramta shi, ta ce aikin 'yan iska ne. A 1932 wani gwani mai suna Bimba ya buɗe makarantar koyar da shi a birnin Salvador, ya tsara darussa daki-daki, har hukuma ta ba shi izini a 1937. A 2014 UNESCO ta sa wasan cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Wanda ya shiga irin wannan makaranta yana ɗokin kai shuri, sai ya tarar ba da shuri ake farawa ba. Abu na fari shi ne wani taku da suke kira jinga, watau mutum ya yi ta rangaji, ƙafa baya, ƙafa gaba, hannu na kāre fuska. Bimba da kansa yakan riƙe hannuwan almajiri biyu har takun ya zauna masa. Sa'an nan a koya masa gocewa, da dafa ƙasa, da alkafura. Cinyoyinsa da wuyan hannunsa za su yi tsami kwana da kwanaki. Dole kuma ya tsaya a da'ira ya yi tafi, ya karɓi amshi, ya saurari wani abin kiɗa mai kama da baka da aka ɗaura wa ƙoƙo, domin kiɗan ne ke cewa a yi sauri ko a sassauta.

Ashe damben namu ba haka yake ba? Hannu ɗaya mashi, ɗaya garkuwa, turmi uku ake yi, wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa an kashe shi. Wasan da taɓa ƙasa ke kashe mutum, lalle ƙafa ce jarinsa. Saboda haka sabon shiga ya sa rai zai daɗe yana koyon tsayuwa, da gocewa, da jure gajiya, da jin abin da kalangu ke faɗi, kafin a ɗaura masa kara. Ya kuma sa rai za a kā da shi, ya tashi ya gaisa da abokin karawarsa. Shago ma, da Ɗan Anace ya wasa, ba a haife shi da kara a hannu ba.

Waɗansu za su ce wannan wasan mahauta ne, bai dace da makaranta ba. Amma fa hani ba ya hana yara yi, sai dai su koma bayan gari inda babu babba, a haɗa ɗan shekara 12 da ƙato, a buge shi a kai. Maƙwabtanmu na Nijar sun tsara kokawarsu, suna gasar takobi tun 1975, darajarta kuwa sai ƙaruwa ta yi.

Shawararmu ita ce kowane malami ya nemi tsohon ɗan dambe mai hankali a garinsu. A zuba yashi a fili, a haɗa yaro da sa'ansa a shekaru da nauyi, kada a ɗaura wa ƙanana kara. Wanda aka buga a kai ya ga jiri, a cire shi a kai shi asibiti. Sannu ba ta hana zuwa, gaggawa kuwa takan bar yaro da lahanin da ba ya warkewa.