Gwaiwa: Ina Iyakar Kunya A Gaban Likita?

A wannan mako za mu taɓo wani al'amari da magidanta ke jin nauyin ambatonsa, wato gwaiwa da dangoginta, waɗanda ɗan ƙaramin aiki a asibiti ke warkarwa.

Akan sami attajiri ko ma'aikacin gwamnati ya shekara da shekaru yana ɓoye kumburin maraina cikin babbar riga, har ruku'u da sujada su zame masa wahala, wai don kunyar tuɓewa gaban likita. To, kunya tana daga cikin imani, amma wannan ba muhallinta ba ne. Malamai sun halatta buɗe al'aura ga mai magani gwargwadon larura, kuma Annabi ya yi umurni da neman magani.

Gwaiwa iri biyu ce. Akwai ta ruwa, inda ruwa ke taruwa kewaye da ƙwan maraina. A ƙasashenmu tsutsar nan da sauro ke yaɗawa, mai kawo tundurmi, tana cikin masu haddasa ta. Likita kan tsaga, ya fid da ruwan, ya gyara jakar, galibi a sallami mutum a ranar ko kashegari. Zuƙe ruwan da allura kurum ba ya hana shi dawowa. Ta biyu kuwa hanji ne ke zurowa ta wata kafa a matsematsi. Ita ce mai haɗari, domin in hanjin ya shaƙe, ga ciwo mai tsanani ga amai, to, sai asibiti a wannan sa'a, in ba haka ba ana iya rasa rai.

Haka nan jijiyoyin jinin maraina kan kumbura, yawanci a hagu, su raunana maniyyi, kuma ɗaure su aiki ne ƙarami. Sau nawa aka saki mace, ko aka yi mata kishiya bisa zargin rashin haihuwa, alhali maigida bai taɓa zuwa an auna shi ba? Wannan zalunci ne.

Kada wani ya ce fiɗa baƙon abu ce ga Musulmi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana aikin gwaiwa da na kaciya a littafinsa At-Tasrif.

Sai dai akwai iyaka. Aikin da ke yanke hanyar maniyyi don tsai da haihuwa har abada, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin 1988, ta haramta shi sai in da larurar da Shari'a ta yarda da ita.

Saboda haka, 'yan'uwa, duk wanda ya ga kumburi a jikinsa ya je asibiti tun da wuri. In ya sami likita namiji ya fi, in babu kuwa larura ta ɗauke masa laifi. Jiki amana ne, kuma za a tambaye mu game da shi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.