Ranin 2020, Kogin Challawa da Fom Ɗin Ƙarin Girma

A kowace shekara malamin jami'a a Nijeriya yakan cike fom na awon aiki, inda zai zayyana darussan da ya koyar, da ɗaliban da ya duba bincikensu, da maƙalolin da ya wallafa, da hidimar da ya yi wa sashe da al'umma. Shugaban sashe ya sa hannu, kwamiti ya zauna, daga nan a san wanda zai hau mataki na gaba. Galibi sai malami ya shekara uku a kan mataki kafin a duba shi, kuma a cikin ma'aunin maƙala ce ta fi komai nauyi. Muddin al'amura na tafiya daidai, ba a cika ganin aibin wannan tsari ba. Shekarar 2020 ce ta fito da shi fili.

A watan Maris na wannan shekara gwamnatin tarayya ta rufe makarantu saboda annobar korona, ƙungiyar ASUU kuma ta shiga yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. A Kano an sanar da mutum na farko da ya kamu a ranar 11 ga Afrilu, dokar kulle ta fara aiki ranar 16, ba a ɗage ta gaba ɗaya ba sai farkon Yuli. Daga bisani Jami'ar Bayero ta soke zangon karatu na 2019/2020. To, me malami zai rubuta a gurbin darasi?

Gurbin darasi ma da sauƙi, domin kowa ya rasa shi daidai wa daida. Inda gizo ke saƙar shi ne gurbin bincike. A ɗauki misalin masanin halittu wanda ɗakin gwajinsa na farko shi ne bakin rafi. Masana'antun Sharaɗa suna zubar da ruwansu a rafin Salanta, ya gangara kogin Challawa, inda kamfanonin jima na rukunin Challawa ke ƙara nasu. Na Bompai kuwa yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya nufi madatsar Wasai a Minjibir, kuma a kan hanya manoma na ban-ruwan latas da alayyafo da karas da shi. Jimar zamani tana amfani da gishirin kuromiyam. Nau'insa da ake jima da shi bai kai ɗan'uwansa mai lamba shida guba ba, wanda aka tabbatar yana haddasa ciwon daji, amma a wasu yanaye-yanaye na farkon yakan rikiɗa ya koma na biyun. Irin waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa. Taruwa suke yi a cikin laka, da hantar tarwaɗa da ƙarfasa, da ganyen da ake kaiwa kasuwa.

Mai son sanin gaskiyar irin wannan ruwa tilas ya ɗebi samfuri wata bayan wata, rani da damina. Da bazara, wato Maris zuwa Mayu, ruwan rafi yakan ja baya, dattin ya yi kauri, iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa ta ragu ƙwarai. Da damina ta sauka sai ruwan sama ya tsarma kome. Dokar kulle ta faɗo ne daidai tsakiyar bazara. Wanda ya rasa awon Afrilu da Mayu ya rasa rabin kwatancensa, kuma babu kuɗi ko ƙwazon da zai maido masa da shi. Sai dai ya jira baɗi. Abin takaicin ma shi ne, a waɗannan makonni aikin masana'antu da yawa ya ragu, ga kasuwannin fata na Italiya da Sifen su ma a cikin kulle. Wato an sami damar ganin yadda kogin yake idan an sassauta masa, damar da babu mai bincike da zai iya shirya ta da kansa, amma ɗakunan gwaji na rufe, hanya kuma ba ta biyuwa.

A ɗaya ɓangaren, malamin da ya daɗe a aiki, mai tarin bayanai a aljihun tebur, zaman gida ya ba shi sararin rubutu. Ƙaramin malami da bai tara kome ba, da malamar da ’ya’ya suka dawo hannunta wuni guda, sun fita shekarar hannu rabbana. Fom ɗin bai san wannan ba, lissafi kawai ya sani, tamkar mai ƙirga fatu a ƙofar kamfani. Haka kuma wanda ya yi watanni yana gwajin samfurin marasa lafiya a cibiyar binciken cututtuka masu yaɗuwa ta Jami'ar Bayero, da ransa a hannu, aikinsa gurbin hidimar al'umma zai faɗa, gurbin da makinsa bai taka kara ya karya ba idan aka gwada da na maƙala. Matsin lamba irin wannan shi ke tura wasu ga mujallun da ke buga duk abin da aka biya kuɗinsa.

Za a iya cewa sassauci zai buɗe wa malalaci ƙofa. Wannan tsoro yana da tushe, sai dai maganinsa shaida ce. Littafin ɗibar samfuri, mai ɗauke da kwanan wata da wuri da sakamakon awo, abu ne da kwamiti zai iya dubawa ya ba shi maki, ko da bai zama maƙala ba tukuna. Jami'o'i da dama a Amurka sun ƙara wa sababbin malamai shekara guda a kan wa'adin tantance su saboda annobar, wasu kuma sun ba malami damar rubuta bayanin yadda ta shafi aikinsa. Bai kamata a jira wata annoba ko wani dogon yajin aiki, irin na wata takwas da aka yi a 2022, kafin majalisun jami'o'i su rubuta wannan a cikin ƙa'idojin ƙarin girma ba: gurbi guda na bayanin cikas, maki ga bayanan da aka tattara aka adana a sashe, da ikon tsayar da lissafin shekarar da aka rufe ɗakin gwaji ga wanda ya nema.