Jinjina ga Masu Buroshin Magama, da Aikin da Ya Saura

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Magamar Jibiya da hantsi cikin hunturu ya san yadda tirela ke fitowa daga hazo. Da farko wani duhu-duhu kawai za ka hango daga wajen Ɗan Isa, babu launi babu rubutu, sai tsawo da faɗi. Kafin ta ƙaraso shingen kwastan, yaran da ke talla a bakin titi sun riga sun faɗi ko wace mota ce. Da siffar kanta da tudun kayan da ta ɗauko suka gane ta. Sai ta matso sannan zanen goshinta ya fito, ja da rawaya da kore, in ta wuce kuma ka ga zaki ko mikiya ko doki a ƙyauren bayanta, da addu'ar Allah Ya kiyaye hanya a ƙasa.

Masu wannan zane nake yi wa jinjina yau, su da ƙannensu da 'ya'yansu da suka ɗauki sana'ar suka mayar da ita cikin waya da kwamfuta.

Na taɓa zama kusan awa biyu a rumfar wani dattijo mai fentin motoci, ina jiran a gama duba takardun motar da na shigo. Gwangwanayen fenti ne jere a gabansa, ga buroshi huɗu ko biyar a cikin kwanon kananzir, ga tsumma a kafaɗa. Doki yake zanawa a bayan wata kanta. Abin da ya ja hankalina shi ne, in ya yi shafa uku ko huɗu sai ya ajiye buroshi, ya ja da baya kamar taku ashirin, ya kanne idanu ya tsaya yana kallo. Da ya yi haka sau da yawa sai na kasa haƙuri.

"Baba, wannan kai da komo fa? Ai za ka gaji."

"Ɗana, direban da zai biyo bayan motar nan ba zai zo ya sa hancinsa a jikin ƙarfe ba," in ji shi. "Daga nesa zai gani, yana gudu, ga ƙura. In bai gane doki ba ne a kallo ɗaya, na ɓata fentina."

Wannan magana ita ce darasin farko a manyan kamfanonin wasan bidiyo na duniya, wanda yaranmu ke kira gem. Kafin a gina kowane wasa, akwai mutanen da aikinsu shi ne zanen share fage: su za su fara fito da kamannin jarumi, da tufafinsa, da makaminsa, da garin da zai yi yawo a ciki, sannan masu ƙera siffofi a kwamfuta su bi sawu. Mai wannan aiki ba ya farawa da ido ko hanci. Ƙananan zane yake yi barkatai, kowanne bai wuce kwalin ashana ba, ashirin ko talatin a takarda ɗaya, duk baƙi ƙirin kamar inuwar mutum a jikin bango. Wanda aka gane shi da inuwarsa kaɗai, shi ake ɗauka a ci gaba da shi. Kamfanin Valve na Amurka ya yi suna da wannan a wasansa Team Fortress 2 da ya fito a 2007. Jarumai tara ne a ciki, kuma an tsara kowannensu yadda ɗan wasa zai bambanta shi da sauran takwas daga can ƙarshen fili, ko da haske bai ishe shi ba.

Kanne idon da Baba ke yi shi ma yana da dalili. In ka kanne ido, ƙananan ado sukan ɓace, abin da zai rage shi ne inda haske yake da inda duhu yake. Shi ya sa masu zanen share fage kan fara gama hoto da fari da baƙi da toka-toka kafin su taɓa launi. Sukan raba fili gida uku, na kusa ya fi duhu da kaifi, na tsakiya nan ne idon mai kallo zai sauka, na nesa kuma ya dusashe. A makarantun zane na Turai sai an zaunar da ɗalibi an yi masa bayanin dalilin da ya sa dutsen da ke nesa ke yin fari-fari. Yaron Jibiya kuwa daga Nuwamba zuwa Fabrairu cikin wannan darasi yake kwana yake tashi, don hazo na jera masa itatuwa sahu-sahu, na gaba baƙi, na bayansa toka, na can ƙurya kamar hayaƙi. Wasan Journey na 2012, wanda Matt Nava ya jagoranci zanensa, da irin wannan ya burge duniya: rairayi iya ganin ido, ɗan mutum ɗaya cikin jar alkyabba, da wani dutse can nesa mai haske a ƙololuwarsa. Babu wanda ke gaya wa ɗan wasa inda zai nufa, hasken nan ne ke jan sa.

To, ga samari da 'yan matan da ke zane da ɗan yatsa a fuskar waya, wasu da ibisPaint, waɗanda suka samu kwamfuta kuma da Krita ko Blender tunda kyauta ake samun su, ina cewa sannunku da ƙoƙari. Na san halin da kuke aiki a ciki. An rufe iyakar nan ta Jibiya daga Agustan 2019 har Afrilun 2022. Aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na ranar 26 ga Yulin 2023, sai a Maris na 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren. A Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda 'yan bindiga, Jibiya na ciki. Wanda bai ajiye zane ba a cikin wannan duka, yana kai wayarsa wurin masu caji yana dawowa ya ɗora daga inda ya tsaya, ya ci a yaba masa a bainar jama'a.

Amma akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma don ina ƙaunar aikinku zan faɗa. Yawancin zanen da ake nuna mini, fuskokin katun ɗin Japan ne, da gidajen sarautar Turai masu dusar ƙanƙara a kai, da mayaƙa cikin sulken ƙarfe irin na Ingila. Hannun ya iya, layin ya fita tsaf. Sai dai in na rufe sunan mai zanen, ba zan iya cewa ɗan Jibiya ne ko ɗan Jakarta ba.

Alhali kuwa wasu sun riga sun zana mu. A Agustan 2021 aka fitar da wani ƙari ga wasan Age of Empires III mai suna The African Royals, aka sa Hausawa da Habashawa a ciki. Sarauniya Amina ce jagorar Hausawa, Kano ce cibiyarsu, kuma cikin dakarunsu akwai ɗan lifidi da maigadi, da sunayensu na Hausa, da kuma maharbin Fulani. Na ji daɗin ganin haka, kuma waɗanda suka yi shi sun yi bincike, sun cancanci godiya. Duk da haka daga littattafai da hotuna suka san lifidi. Ku kuwa kuna iya shiga mota, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba, ku tsaya a Ƙofar Soro ta Katsina ranar hawan sallah ku ga yadda lifidi ke kumbura doki har ya koma kamar ɗaki mai tafiya, yadda kwalkwali ke ƙara wa mahayi tsawo, yadda ƙura ke cin ƙafafun dawaki ta bar kawunansu a sarari. Kuna iya haurawa Maraɗi, garin da sarakunan Katsina na dauri suka kafa bayan jihadi, ku ga wani salon rawani da wani salon sirdi. Wannan dukiya tana hannunku, kuma ba a sayen ta a intanet.

Ku gwada jarrabawar inuwa a kasuwar Jibiya ranar Lahadi. Bafulatani da malfa da sanda gicciye a kafaɗu. Buzu da rawanin da ya rufe komai sai idanu, da takobi a gefe. Ɗan acaba da ya ɗaure jarkoki har babur ya fi shi faɗi sau uku. Mai fura da ƙwarya bisa ƙwarya a ka. Ɗan dako ya sunkuya ƙarƙashin buhu. Ku cika kowannensu da baƙi, za ku ga babu wanda ya yi kama da wani. Abin da masu zane a Amurka ke shafe watanni suna ƙirƙira, ga shi yana yawo a gabanku kowane mako. A nemi izini kafin a ɗauki hoton mutum, kuma kusa da shingen jami'an tsaro a bar waya a aljihu. Fensir da ɗan littafi sun wadatar.

Wanda zuciyarsa ba ta natsu da zanen mai rai ba saboda addini, shi ma ƙofa a buɗe take gare shi, domin babban kaso na wannan sana'a gine-gine ne da itatuwa da kayan aiki da sararin sama. Ga zanko a kan soraye, ga azara da indararo, ga rumbu, ga hasumiyar Gobarau, ga ruwan dam ɗin Jibiya da yamma, ga zayyanar allo da dagi da aikin wuyan babbar riga. A nan ne sani ke bambanta ɗan gida da baƙo. Baƙo zai zana damina ya lulluɓe kowane itace da ganye. Ɗan gida ya san gawo da damina yake zubar da ganyensa ya tsaya tsirara a tsakiyar gonar gero, sai rani ya yi kore shar. Gawo ɗaya da aka zana daidai ya isa manomin Katsina ko na Maraɗi ya ce lallai nan gida ne.

Akwai waɗanda suka riga mu bin wannan hanya. A 1958 wasu ɗaliban zane a Zariya, cikinsu har da Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, suka haɗa ƙungiya suka ce za su karɓi dabarun Turawa amma da kayan gida za su yi aiki, kuma sunansu bai ɓace ba har yau. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da wasan Aurion a 2016, da zanen da aka yi a Yawunde.

Lokaci kuma ba ya jira. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Jibiya zai bi, kuma duk garin da jirgi ya shiga kamanninsa kan sauya. Tuni sitika da allon da inji ke bugawa suka fara raba dattawan nan da abincinsu, zaki da mikiyar da hannu ya zana suna raguwa a kan titi. In ba ku kwafe salonsu kun adana ba, in ba ku zauna kun tambaye su yadda suke haɗa launin da rana ba ta kashewa ba, wata rana a hoton baƙi za ku neme shi. Kada kuma a bar labarin Jibiya a hannun masu zana ta da bindiga da fasa-ƙwauri kaɗai, alhali gari ne na kasuwa da noman rani da zumunci tsakanin ƙasashe biyu.

Ranar Lahadi mai zuwa, kowannenku ya cika takarda ɗaya da ƙananan inuwoyi ashirin na mutanen kasuwa. Ya kai wa dattijon mai fenti da ke kusa da shi, ya gaishe shi, ya riƙa masa ɗan goro, ya liƙa takardar a jikin rumfa. Ku bar shi ya ja da baya taku ashirin, ya kanne ido, ya faɗa muku su wane ne ya gane.