Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ministan Ayyuka: Wa Ke Auna Tsakuwar Titunanmu?

Mai girma Minista, Injiniya David Umahi,

Tun da ka hau wannan kujera a watan Agustan 2023 kake nanata cewa kankare ya fi kwalta ƙarko, kuma ba mai cewa ba ka san aikinka ba, tunda injiniya ne kai kafin siyasa. Amma ranka ya daɗe, wannan gardama ta ɗauke hankalin kowa daga abin da duka biyun suka dogara a kai, wato tsakuwa da yashi. Sama da kashi 90 cikin 100 na nauyin abin da ake shimfiɗawa a titin kwalta dutse ne da yashi, baƙin man ɗaure su kawai yake yi. A kankare ma sun haura rabi. Idan dutsen mai saurin marmashewa ne, ko laka ta yi masa yawa, siminti ba zai cece shi ba. To wa ke auna tsakuwar nan, sau nawa, kuma ina sakamakon?

Za a ce mini ai ana gwaji, kuma kundin ƙa'idojin gina hanyoyi da gadoji na ma'aikatarka, na 1997, ya tanadi hakan. Gaskiya ne. Ana tankaɗe tsakuwa a jerin rariya don a ga yawan manya da ƙanana. Ana zuba ta a gangar ƙarfe tare da ƙwallayen ƙarfe, a juya sau 500, a auna abin da ya farfashe. Gwajin ba shi da laifi, samfurin da ake kai masa ne abin tuhuma. Duk wanda ya tsaya inda tifa ke juye kaya ya ga yadda manyan duwatsu ke gangarowa gindin tsibin, gari ya taru a tsakiya. Cokali ɗaya na shebur daga gefe guda ba ya faɗin komai game da tsibin, balle game da tifa ɗari da za su biyo baya, balle idan ɗan kwangila ne ya zaɓi inda za a ɗiba. Ɗan kasuwar hatsi a Dawanau ma ba ya yarda da bakin buhu, sai ya soka gindi da tsakiya. Ashe buhun masara ya fi titin biliyoyin naira samun kulawa?

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1924 Walter Shewhart ya fito da jadawalin da ake ɗora sakamakon gwaji a jere, a ja layin sama da na ƙasa, duk ranar da awo ya tsallake a san wani abu ya canza, ko injin fasa dutse ya ci, ko an koma wani rami. Babban gwajin hanyoyi da aka yi a jihar Ilinoi ta Amurka daga 1958 zuwa 1960 ya nuna cewa ko a aikin da aka sa wa ido sosai, kaya na bambanta fiye da yadda injiniyoyi suka zata. Daga nan aka koma raba kaya rukuni-rukuni, a ɗebi samfura da yawa ta hanyar ƙuri'a, a duba matsakaicin sakamako da tazarar da ke tsakaninsu, a biya kuɗi gwargwadon kason da ya cika sharaɗi. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, mu kuwa ko takardar gwaji guda ba a nuna mana.

Wasu za su ɗora laifin a kan tireloli da tankoki masu lodi fiye da kima. Suna da hujja, domin wancan gwaji na Amurka ya nuna cewa ninka nauyin da ke kan tayoyi sau biyu na iya ninka ɓarna kusan sau 16. Sai dai tirelar da ta ragargaza wannan kilomita ita ce ta bi ta gaba ta bar ta lafiya, ruwan sama guda ne kuma ya doke su. Me ya bambanta su in ba abin da aka binne a ƙasa ba? Batun tsadar gwaji kuwa, rariya da sikeli nawa suke idan aka gwada da kuɗin sake gina titi?

Akwai rashin magudanan ruwa, da ma'aunin lodi da ba ya aiki, da jinkirin biyan 'yan kwangila. Na bar su zuwa wani lokaci.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka ba da umarni a hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, wadda aka bayar da kwangilarta tun 2017: samfur ta hanyar ƙuri'a, gwaji a ɗakin da ba ɗan kwangila ke biyansa ba, irin na cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta NBRRI ko jami'o'inmu, sannan a wallafa jadawalin kowane yanki don kowa ya gani. Kai ne ka tsaya wa kankare da sunanka. Ranar da ya fara tsagewa, ba wanda zai nemi sunan mai fasa dutsen, naka za a kira.